Fatar Wasaki a Bakin Teku

Abijan, watan Mayu, 1966

Zuwa ga taubashiyata Jima, a Tama,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina zafin bazara, yaya lambu da albasa? Ki gaishe mini da maigidanki Barmo da yara duka. Ni lafiya lau nake, in ban da sauro da kewar gida.

Labari ya iso mu har bakin teku wai kin shiga makarantar manya, wai har kin iya rubuta sunanki ba tare da kin kifar da shi ba. Ban yarda ba, amma na ce bari in gwada. In da idonki kike karanta wagga takarda, to madalla, don maganar da ke ciki ba ta kunnen mai karatun bakin kasuwa ba ce.

Kin san gadi nake yi gidan wani tsohon Bature da muke ce wa Mushe. Abin da ba ki sani ba, kuma ba wanda ya sani a gida, shi ne duk Lahadi shina tafiya da ni bakin teku in riƙe mishi kayan fatsa. Tun ina riƙe kaya ina toshe hanci, har ya fara miƙo mini sanda. Jima, na iya kamun kifi. Ni ɗan Ibohaman, da anka haifa cikin gidan da ko sunan kifi anka ambata sai an tofar da yawu. Har yau ban sa shi a baki ba, amma kamun ya shiga jinina, ina son shi so na gaske.

Yanzu Mushe zai koma ƙasarsu gaba ɗaya cikin watan Yuli, aikin gadi ya ƙare ke nan. Fatsar nan ba irin ta yaran bakin tabki ba ce. Sanda ce doguwa, gindinta akwai wani abin naɗe zare da ake ce wa muline. Mushe ya jera mini muline uku bisa tebur, ya ce in zaɓi ɗaya da sandarta, kyauta ce ta ban kwana. Wanda ke da wannan kaya zai iya ci da kanshi a nan, don matan bakin ruwa tun kifi bai daina motsi ba suke saye.

Ta farko ta Madan ce, matar Mushe. Ƙarama ce mai ƙyalli, ba nauyi. Gangarta ba ta juyawa, wani ƙarfe kamar warwaro ne ke zagayawa shina naɗe zaren. Ko ke za ki iya jifa da ita. Aibinta, gishiri da rairayi na shiga cikinta, in wani abu ya karye sai an aiko daga Faransa, kuma babban kifi zai kwashe zarenta kaf ya tafi.

Ta biyu ita na sa wa suna Baƙa. Mai nauyi ce, gangarta da kanta ke juyawa, daidai da gangar itacen bakin rijiya da muke ce wa takarkart. Tana ɗaukar zare mai kauri, mai yawa, kuma da hannuna nake kwance ta in wanke in mayar. Amma muguwa ce. In ka yi jifa ko kifi ya ja da gudu, sai ka danne gangar da babban yatsa, in ba haka ba zaren ya cukurkuɗe ka wuni kana warware shi. Yatsana na dama har ya saba da ƙuna, yanzu haka akwai bororo a kai.

Ta uku ta katako ce, faffaɗa, gishiri ba ya yi mata komai. Sai dai ba a jifa da ita nesa, ta cikin jirgi ce, ni kuwa ba ni da ko ƙwarya a kan ruwa.

To ga inda maganar take. Ba zan zama mai kamun kifi a bayan idon Iya ba. In ta sa albarka, in zauna. In ta ƙi, in tattara in dawo kiwo, magana ta mutu. Kakanki da kakata ciki ɗaya sunka fito, saboda haka ba ki da hanyar gudu. Ran da za ki kai albasa kasuwar Ibohaman, ki biya wurinta ki karanta mata. Ku masu cin tarwaɗa kun fi mu sanin yadda ake tausasa irin wagga magana. Ki yi sauri, jirgin Mushe ba zai jira jakinki ba.

Naki, ko kina so ko ba ki so,
Tanko

*

Tama, watan Yuni, 1966

Zuwa ga Tanko mai ƙarni, a Abijan,

Bayan gaisuwa, mu duka lafiya lau. Barmo na gaishe ka, ya ce in tambaye ka ko ruwan tekun nan ya kai a shayar da raƙumi. Hadari ya fara haɗuwa gabas amma bai zuba ba tukuna. An gama sharar gona.

Da idona na karanta takardarka, da hannuna nake ba ka amsa, kuma rubutuna ya fi naka miƙewa. Na yi dariya har sai da yara sunka leƙo ɗaki. Kai da in anka dafa miyar kifi gidanmu kake komawa gindin bedi ka zauna kamar an yi maka mutuwa, yau kai ne sarkin ruwa. Allah mai iko.

Na je. Mun bi ayarin masu albasa, mun sauke kaya kasuwa, na bar wa maƙwabciyata Suwaiba tallan na nufi rugarku. Na tarar da Iya Kaltume bakin rijiya ana shayarwa. Ruwa ya yi nisa bana, sa ke jan igiya, ita tana tsaye bakin takarkart tana tarbar wasaki, wannan babban gugan fata naku, tana juyewa cikin kwamin da shanu ke sha. Ta rame kaɗan amma ƙarfinta na nan, kuma bakinta na nan. Tana ganina ta ce wa ya mutu a Tama. Na ce ba kowa, saƙon ɗanta na kawo. Ta ce to ɗanta ya jira shanu su sha.

Da anka gama, munka zauna ƙofar bukka, ta dama mini fura da nono, na karanta mata. Zagin da ka yi mini kawai na tsallake. Tana saurare tana ta murza igiya a cinya. Wuri ɗaya ta tsayar da ni, inda ka yi maganar Baƙa da ƙunar yatsa. Ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ce in sake, na sake. Da na kai ƙarshe na ce, Iya, me zan gaya mishi? Sai ta juya gefe ta tofar da yawu, ta miƙe ta shige bukka.

Na zauna ina jira. Ina jin ta ciki tana ta birkita kaya, ƙorai na karo da juna. Can sai ga Suwaiba da gudu, wai ayari ya ɗaure kaya, in ban zo ba in kwana nan. Rana ta yi sanyi, hanya kuwa ka san ta. Na yi sallama daga waje har sau nawa, ba ta amsa ba. Dole na bi jakuna.

Abin da idona ya gani ke nan, ban ƙara gishiri ba. Ban san abin da ke ranta ba, Tanko, kuma raina bai yi mini daɗi ba duk hanya. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

Batun zaɓi kuwa, in ni ce, ta Madan zan ɗauka, mutum ba ya ganin abu mai ƙyalli ya ɗauki baƙi. Barmo ya ce ta katako, don in ta ƙi kifi sai a kawo mishi ya yi murfin tulu da ita. Ka ga irin mashawartan da Allah ya ba ka.

Taubashiyarka da ta fi ka,
Jima

*

Abijan, watan Yuli, 1966

Zuwa ga Jima,

Ina gaishe ki da Barmo da yara, ina yi muku barka da ruwa in ya sauka. Nan kam ruwa ya ishe mu, kwana da kwanaki ba mu ga rana ba. Jikina lafiya.

Na gode da wahalar da kinka sha. Kin ce ba ki san abin da ke ranta ba, ni na sani. Wannan tofin da shiga bukka na taɓa ganin shi. Haka ta yi wa wani mai raƙumi da ya zo neman auren yayata Maimuna, kuma har yau mutumin bai sake bin hanyar rugarmu ba. Iya ba ta ɓata bakinta da a'a. Sannan ga maimaita maganar yatsa da ta sa ki yi. Cewa take, dubi ɗan da na haifa, shina ƙona hannun da zai riƙe sandar kiwo saboda abin ƙyama.

Mushe ya tafi. Ran zaɓi na daɗe tsaye gaban tebur har ya tambaye ni ko ciwon ciki nake. Na ɗauki ta Madan, don ita ce mai saurin shiga kasuwa, in na sayar na samu na mota. Ya dube ni, ya dubi Baƙa. Shi ma ya san wadda nake so. Ta katako ya ba wani maƙwabci mai jirgi, Baƙa da sandarta kuwa ya miƙa wa kukunmu, wani mutumin ƙasar Mosi da ko bakin teku bai taɓa zuwa don kanshi ba.

Kafin in miƙa mishi ita sai da na kwance ta, na wanke da ruwan daɗi, na shafa mata mai, na tsaya ina yi mishi bayanin yadda ake kula da ita. Ya saurara har na gama, sannan ya ce zaren nan zai yi kyau da shanyar tufafi. Jima, na yi dariya, amma kaɗan ya rage in yi kuka.

Ba komai. Uwa ta fi kifi. Zan yi ɗan dako a tashar jirgin ruwa har damina ta wuce hanya ta buɗe, sannan in taho. Ki gaya wa Iya ɗanta ya ji, kuma ba shi da fushi. Ki gaya wa Barmo ya nemi murfin tulu wani wuri.

Ki ajiye mini fura mai yaji, amma kar a dama ta da ludayin da ya taɓa miyarku.

Tanko

*

Tama, watan Agusta, 1966

Zuwa ga babban wawan Ibohaman,

Gaisuwa a taƙaice, don ba ka cancanci doguwa ba. Muna lafiya, hatsi ya rufe mutum tsaye, yara na ta fama da ɗanyen gero. Barmo ya ce in zage ka a madadinshi.

Wa ya aike ka fassara? Na ce maka ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, kai kuma ka zauna can ka yanke wa kanka hukunci. Saurara ka ji.

Bayan ruwan shuka, muna tsakar gida da hantsi, sai ga jaki ya turo kai ƙofa, Iya Kaltume bisa, ita kaɗai, tun daga Ibohaman. Matar da rabonta da Tama tun bikina. Kuma don Allah ya tashi kunyata ni, ran nan miyar busasshen kifi ke kan wuta. Ta ja gyale ta toshe hanci, ta ce a kai mata tabarma can bayan rumbu inda iska ba ta biyowa.

Ko ruwa ba ta sha ba ta fara da ni. Wai wace irin 'yar aike ce ni, da za a shiga ɗaki neman wuƙa a fito a tarar da gurbina. Na ce na yi sallama. Ta ce kanta na cikin buhun fata, da wane kunnen za ta ji. Na ce to tofin fa, Iya? Ta ce: “Abin ƙarnin nan na tofa wa, ba ɗana ba. Ko gobe kinka ambace shi sai na tofa.”

Sannan ta kwance bakin zanenta ta fiddo abin da za ka gani cikin wagga ambulan. Hular yatsa ce. Daga tsohon wasakin da marigayi babanka ya ɗinka da hannunshi ta yanko ta, wanda ta ƙi yarda a jefar tun rasuwarshi. Ta jiƙa ta da man shanu har ta yi laushi, ta ninka wajen tafin biyu. Na ce, Iya, ba ki auna ba, in ta yi mishi kaɗan fa? Ta harare ni ta ce: “Yatsan da na yi fama da cire mishi daga baki har ya fara bin maruƙa, shi za a gaya mini girmanshi?”

Ga saƙonta, yadda ta faɗa. Ta ce ka ɗauki Baƙa. Ta ce mai ƙyallin nan ta 'yan hutu ce, kuma abin da ba ka iya gyarawa da hannunka ba naka ba ne, aro ne. Ta ce ita ba ta san teku ba, amma ta san igiya. In sa ya fizge da gudu, wanda ya kafe ƙafa ya riƙe gam, ko igiya ta tsinke ko shi ya sha ƙasa. Sakar mishi ake yi tana zamewa cikin hannu, ana dannewa kaɗan kaɗan har ya gaji ya juyo. Ta ce wannan aikin ka iya shi tun kana ƙarami, wautarka ɗaya da kake yin shi da yatsa tsirara. Ta ce babanka ma ya yi fatauci har Agadas ba wanda ya riƙe mishi ƙafa, ba za ta riƙe taka ba. Sharaɗinta ɗaya, ran da za ka zo ganinta ka wanke hannu da toka tun daga Keita.

Na so in aiko maka tun a lokacin, amma ƙorama ta cinye hanyar Buza, motar gidan waya ba ta shigowa ba ta fita. Motar farko da ta ƙetaro ita ta kawo takardarka ta kuka. Na karanta na rasa ko in yi dariya ko in yi salati. Ban gaya wa Iya ka ɗauki ta Madan ba, kuma ba ni ce zan gaya mata ba.

Ma'aikacin gidan waya ya daɗe shina latsa ambulan, ya ce laya ce? Na ce e, ta maganin wauta.

Ka tashi ka nemo kukun nan duk inda ya shiga, tun matarshi ba ta shanya zannuwa a kan rabonka ba.

Jima

*

Abijan, watan Oktoba, 1966

Zuwa ga Jima, sarauniyar taubasai,

Na durƙusa na gaishe ki. Ki gaishe da Barmo, da Suwaiba, da ma'aikacin gidan waya, da jakin Iya. Lafiyata ƙalau, ban taɓa jin daɗin jikina haka ba.

Takardarki ta same ni na dawo daga dako, kafaɗa duk ta yi tsami. Na buɗe, abin ya faɗo cikin tafina. Tun ban karanta ba na gane fatar, don ƙamshin rijiyarmu ne ya buge ni. Na zura yatsa, ta zauna daram kamar da ita anka haife ni. Na karanta, na zauna ƙasa na yi kuka gaban mutane, kuma ban ji kunya ba.

Sa'ar da na ci, ban sayar da ta Madan ba. Na sha kai ta kasuwar Tareshibil, in an taya sai in ji ba ni so, in nannaɗe ta cikin tsumma in dawo. Na ɗauke ta na ruga unguwar da kuku ke zaune. Ɗaki a buɗe, ba kowa, sai tsintsiya. Maƙwabta sunka ce ai ya ɗaure kaya, yau zai hau jirgin ƙasa ya koma Wagadugu. Jima, na yi gudun da ban yi ba tun ran da raƙumin Liman ya kore ni.

Na same shi tashar jirgi zaune bisa ƙunshin kaya, matarshi na ɓare gyaɗa. Sandar Baƙa na hango da farko, sun rataya mata buta da ƙullin barkono. Na kasa magana don haki, sai na buɗe tsumma na nuna mishi ta Madan tana ƙyalli. Matar ce ta fara miƙo hannu. Ashe tun ran farko ita ta so, ta yi ta yi mishi gori wai an raba kaya an ba shi baƙin ƙarfe. Munka kwance ƙunshi nan tsakiyar mutane, tukwane na gangarawa, har munka tono Baƙa cikin turmi. Zaren kam ya sha shanya, amma lafiyarshi lau. Kuku ya rungume ni wai na raba shi da faɗan gida, ni ma na rungume shi. Kowa na ganin shi ya ci riba.

Yanzu kullum da safe ina kan duwatsun bakin Biridi, inda ruwan gari ke haɗuwa da teku. Kwanakin farko ƙanana na yi ta samu, masu isar abinci da haya. Sai ran wata Juma'a, na yi jifa ke nan ban ko gyara tsayuwa ba, sanda ta lanƙwashe, Baƙa ta kama kuka, zare na fita kamar ba zai tsaya ba. Mutanen da ke wurin sunka taru suna ta ba ni shawara da yarukan da ban sani ba. Wani ma ya kama rigata ta baya don kar in bi shi ruwa. Zuciyata ta ce in riƙe gam. Sai na tuna maganar Iya, na sakar mishi, na ɗora yatsa ina dannewa kaɗan kaɗan. Fatar ta yi zafi har ta fara hayaƙi, ƙaurin man shanu ya tashi, amma yatsana ko a jikinshi. Ya tafi, na maido shi, ya sake tafiya, na sake maidowa. Da ya gaji sai ya juyo da kanshi, kamar yadda ta ce.

Ɗan'uwan giwan ruwa ne, na ruwan gishiri, fari tas. Sai da mutum biyu sunka kama mini munka hau da shi. Matan bakin ruwa sun kusa dambe a kanshi, kuma wadda ta saye ta ce daga yau duk abin da na kamo ita zan fara nema. Sun sa mini suna mai hular yatsa. Har wasu sun tambaya inda ake sayar da irinta, na ce masu shagon na da nisa.

Na san Iya ba za ta so ganin ko ƙayarshi ba. Shi ya sa na shimfiɗa zare daga bakinshi zuwa wutsiya na yanke daidai tsawonshi, na wanke da sabulu da toka, ga shi nan cikin ambulan. Ki kai mata. Ki ce na gode, ki ce ta yafe mini da na yi mata mummunan zato. Ke kuma ladanki busasshen kifi na nan tafe hannun wani ɗan Madawa, ki ci ke da Barmo har ku yi ƙarnin da kuke so.

Ɗan'uwanki mai kamun kifi,
Tanko

*

Tama, watan Nuwamba, 1966

Zuwa ga mai hular yatsa,

Muna gaishe ka da murna. An gama girbi, rumbu ya cika har Barmo na tafiya da ƙirji gaba. An fara dashen albasa. Kifinka ya iso, mun ci, gishirinshi ya yi yawa, ka ƙaro.

Na kai wa Iya zaren, kuma wannan karon na kwana, don kar a sake cewa na gudu. Na karanta mata takardarka kaf, har da inda ka ɗauki ta Madan. Nan ta ce in tsaya, ta yi tsaki mai tsawo, ta ce halin babanka ne sak, a ba shi zaɓi ya tsaya kunya. Da na zo wajen hayaƙin fata sai ta juya fuska wajen maruƙa, ta daɗe tana gyara igiyar da ba abin da ya same ta.

Ta karɓi zaren da yatsu biyu, ta shinshina, ta tofar da yawu, sannan ta sa ni miƙe tsaye ta auna ni da shi. Ya kawo mini haɓa. Ta auna Maimuna, ta auna maraƙi, ta aika anka kira Liman shi ma ta auna shi. Yanzu zaren na ɗaure a jigon bukka, duk baƙon da ya zo sai ya tsaya an gwada shi da kifin ɗanta kafin a ba shi ruwa. Sunan kifin dai ba ta faɗa, cewa take abin nan.

Da safe zan tafi ta ce in dakata, ta shige bukka. Wallahi ko motsi ban yi ba. Ta fito da abin da ke cikin wagga ambulan, guda biyu, irin ta farko. Na ce, Iya, ai waccan ba ta mutu ba. Ta ce fata ce, za ta cinye, kuma kai ba ka san tanadi ba.

Na leƙa na ga abin da ya rage na wasakin babanka rataye a ciki. Ta bi shi da gawayi ta zana yatsu a jere, tun daga baki har gindi. Na ce duk waɗannan na wa ne? Ta ce in gaya maka ka kama aikinka da kyau, fata ba za ta ƙare maka ba tana raye.

Taubashiyarka,
Jima